Yadda Garkar Bakin Tabki Ta Fita Hannunmu

Madarumfa

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Agadas. Allah ya tsare maka hanya, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Innarka na ba takardar nan ta sa maka cikin kaya, domin tun ranar da aka yi gwanjon garka ba ka ƙara zama inda nake zaune ba. Kakan gaishe ni da safe, kanka a ƙasa, ka wuce. Ban ga laifinka ba. Na ƙare ƙuruciyata ina tsaye gaban yara ina yi musu bayani, amma duk lokacin da na buɗe baki in yi maka wannan bayanin, sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Ina so ka san yadda garkar nan ta bakin tabki, wadda ka zuba ƙarfinka da ɗan abin hannunka a cikinta, ta fita hannunmu. Ka ji guntu-guntu a bakin mutane. Wasu na cewa Alhaji Nomau ya cuce mu, wasu na cewa banki ba ta da imani. In da wannan kaɗai ka tafi, to fushi ka ɗauka, ba ka ɗauki ilimi ba, kuma wata rana abin da ya same ni zai iya samunka. Ni ne na fi kowa hannu a ciki, kuma gara ka ji daga gare ni.

Ka san Alhaji Nomau tun kana rarrafe. Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, wato makarantar boko, kafin ubansa ya cire shi ya sa shi bin mota. Ni na ci gaba har na zama mushe, wato malamin makaranta, shi kuma ya zama mai kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗaukar wake da aya ya ƙetara da su ta Ɗan Issa, ya dawo da siminti da kayan masarufi. Lokacin da kakarka ta kwanta ciwo a Maraɗi, albashinmu ya daɗe bai fito ba, shi ya biya magani har ta tashi, kuma bai taɓa tuna mini ba ko da wasa. Na faɗa maka wannan ne don kada ka ɗauka wani baƙo ne ya zo ya yaudare ni.

Shekarar da na ajiye alli aka ba ni kuɗin sallama, sai ya same ni a zaure bayan la'asar. Ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya ce, "Mushe, injin kamiyo ya mutu mini a hanya. Na samu wani a Katsina, amma kuɗina duk suna cikin kaya. Ka ba ni miliyan uku, ka riƙe garkar tabki jingina. Ka noma ka ci, har ranar da na maido maka kuɗinka."

Na ce, "Wanga ai ba abin dogon zance ba ne, Alhaji."

Ya ce, "Sai dai abu guda. Kada maganar ta fita. Ka san halin kasuwa. Ranar da aka ji Nomau ya jinginar da garka, ko tiyar hatsi ba mai ƙara ba ni bashi."

Haka aka yi. Muka kira limamin unguwa da ƙanen Alhaji, su biyu kaɗai. Na ƙirga kuɗi a gabansu, aka yi fatiha, aka raba goro. Alhaji ya miƙo mini tsohuwar takardar da aka yi masa lokacin da ya sayi garkar, mai hatimin mai gari. Na kai ta ɗaki na sa a ƙasan akwati tare da takardun aikina. Innarka ta tambaye ni ko ba za a kai maganar gaban mai gari ba, tun da akwai kwamitin da ke rubuta jingina da sayen gona. Na ce mata takardar garka tana cikin akwatina, me Alhaji zai yi ba tare da ita ba? Ta ce to, Allah ya rufa asiri. Ita ma ba ta so a ji, saboda ita da matar Alhaji kullum suna tare.

Sanusi, ka riƙe wannan. Takardar da ke cikin akwatinka ba ta magana. Ba ta zuwa gidan shari'a ta ce ga mai ni. Hukuma tana da nata littafi na filaye, kuma abin da aka shigar a cikinsa shi kaɗai take gani. Duk abin da aka ƙulla a zaure, komai yawan fatihar da aka yi a kansa, Allah ya gani, mutanen da ke zaune sun gani, amma littafin bai gani ba. Da na je ranar aka rubuta jinginar, abin da zan kashe bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Ba rowa ta hana ni ba. Na ɗauka rufa asirin aboki shi ne a bar komai a baki. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai rufa nawa asirin ba, in abin ya lalace.

Garka ta karɓe mu. Albasa ta yi, tumatir ya yi, zogale muna yanka ana zuwa daga Maraɗi ana saye. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, Alhaji bai kawo kuɗi ba, ni ma ban tambaya ba. A zuciyata ma ina addu'a kada ya kawo da wuri. Da kaɗan-kaɗan bakina ya saba da cewa "garkarmu". Kana makarantar koyon noma a lokacin, in ka zo hutu haka kake ji ina faɗa, haka kai ma ka ɗauka.

Ana nan sai wata safiya Alhaji ya zo da masu awo, da dogon ma'auninsu da duwatsun siminti. Ya ce maƙwabcinmu na gabas yana cin iyaka kaɗan-kaɗan, saboda haka zai yi wa garkar titir fonsiye, wato babbar takardar mallaka ta hukuma, wadda ba mai ja da ita. Na ce wannan dabara ce mai kyau. Ka san duk unguwa ni ake kawo wa rubutun faransanci. To, takardar neman titir ɗin, ni na rubuta masa ita da hannuna, a kan teburin nan da nake rubuta maka yanzu. Na gyara kalmomi, na ja layi a ƙarƙashin sunansa, ina jin daɗin yadda rubutun ya fito. Ban sa ko kalma ɗaya da ke nuna cewa akwai kuɗin wani a kan garkar ba. Da masu awo suka shiga aiki, ni na riƙe musu bakin ma'auni, ni na nuna musu inda iyaka ta bi ta gindin bedi. Daga baya aka manna sanarwa, cewa duk mai wani haƙƙi a kan wannan fili ya zo ya faɗa kafin wa'adi ya cika. Na tsaya na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Wallahi, Sanusi, ji na yi da maƙwabcin gabas take magana. Bai zo mini a rai ba cewa ni ake kira.

Ranar da titir ya fito, takardar da ke cikin akwatina ta mutu. Ni kuwa na ci gaba da ɗaga ta lokaci-lokaci ina kakkaɓe ta saboda gara.

In ka ga ana awon filin da kake da ko dala ɗaya a kansa, kada ka tsaya riƙe ma'auni. Ka bi masu awon har ofishinsu, ka ce ga ni, ga abin da nake bi, a rubuta. Sanarwar da hukuma ke mannawa a bango ba ado ba ce. Ƙofa ce ake buɗewa na ɗan lokaci, in an rufe ta kuma ba a sake buɗewa don kukan kowa.

Bayan haka ne ka gama makaranta ka dawo gida. Ka zo mini da zancen injin ban-ruwa da rijiya mai zurfi da mangwaro mai aure. Na ga idonka yana haske, na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba, domin yaran unguwa duk sun watse, wasu Nijeriya wasu Aljeriya, ga nawa ya dawo zai yi noma da ilimi. Ka sayar da babur ɗinka ka sayi inji. Ka yi rani guda kana haƙa da dashe. A nan ya kamata in zaunar da kai in ce, "Sanusi, ƙasar nan ba tamu ba ce, riƙo ce." Sau da yawa na ɗauko maganar har bakina, sai in ga yadda kake lallaɓa dashen nan, in mai da ita ciki. Na ce wa kaina Alhaji ba zai iya biya ba, ƙarshenta zai ce in ƙara masa wani abu in riƙe gaba ɗaya. A kan wannan zato nawa ka gina ƙuruciyarka, ba ka sani ba. Wannan shi ne haƙƙinka da ke wuyana, kuma ya fi miliyan ukun nauyi.

Kada ka dasa itace, kada ka aza tubali, a kan ƙasar da ba ka ga takardarta da idonka ba. Ko ni ne na ce maka tamu ce, ka ce, "Baba, nuna mini." Ba rashin kunya ba ne. Da ka faɗa mini haka a lokacin, da na ɓata rai kwana biyu, amma da yau babur ɗinka yana ƙofar gida.

Yanzu zan faɗa maka abin da ko innarka ban faɗa wa ba.

Wata rana a tasha wani direba ya ce mini, cikin hira, Alhaji Nomau ya ƙara kamiyo na biyu, banki ta ba shi kuɗi a kan titir ɗin garkar tabki. Ban koma gida ba, na zarce gidan Alhaji. Na same shi a ƙofar gida ana wanke sabuwar motar. Ya ga fuskata, ya ja ni zaure.

Na ce, "Alhaji, mi nake ji? Garkar da ke hannuna ka kai banki?"

Ya ce, "Mushe, kuɗin banki ai na ɗan lokaci ne. In motar ga ta yi sawu kaɗan na sallame su. Kuɗinka kuwa yana wuyana har gaban Allah." Sai ya sa hannu aljihu ya fito da makullin ƙaramar motarsa. "Amma in zuciyarka ba ta kwanta ba, tashi mu tahi Maraɗi yanzun nan. Mu je wurin noter, a rubuta kuɗinka a kan titir kamar yadda banki ta rubuta nata. Ga mota. Ni dai ban zaci za mu kai nan ba, ni da kai."

Noter, in ba ka sani ba, shi ne ma'aikacin da ke ƙulla irin wannan yarjejeniya a hukumance, ya kai ta a shigar a littafin filaye. Abin da nake buƙata ke nan, ga shi an miƙo mini har cikin hannu. Rana ba ta yi ba, ofisoshi a buɗe suke, Maraɗi kuwa ga ta nan kusa. Amma ban ji farkon maganarsa ba, ƙarshenta na ji. Na dubi makullin, na dubi idonsa da ya yi ja, na tuna kakarka a kan gadon asibiti.

Na ce, "Haba Alhaji! Mai da makullinka. Ni da kai sai noter? Allah ya kiyaye."

Har haƙuri na ba shi. Aka kawo fura muka sha, ya rako ni bakin hanya yana tsokanata wai tsufa ya fara sa ni tsoro. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Mutane suna cewa ranar gwanjo muka rasa garka. A'a. A wannan zauren na rasa ta, da bakina.

Sauran ka gani da idonka. Aka rufe iyakar Nijeriya. Motoci suka yi layi a Ɗan Issa, waken Alhaji ya zauna cikin buhuna har ƙwari suka cinye. Kamiyo biyu a tsaye, banki kuwa wata-wata take jira. Don ya toshe bakin banki sai ya je wurin Ilu ɗan canji, na nan bakin iyaka, ya karɓi wasu kuɗi masu yawa, su ma a kan garkar. Ilu bai san da ni ba, domin babu inda zai gan ni. An duba masa littafi, ya ga banki kaɗai a gabansa, ya lissafa ya ga garkar za ta ɗauki su biyu. A makon nan ya kai Alhaji wurin noter aka shigar da sunansa.

Ba zan manta ranar da ka shigo gida da laka a ƙafa, da takarda a hannu ba. Wisiye, mai kai takardun shari'a, ya same ka kana ban-ruwa. Ka tsaya a tsakar gida ka ce, "Baba, wani mutum ya zo ya ce za a sayar da garka. Ya ce ta Alhaji Nomau ce. Na ce masa ƙarya yake yi." Ka tsaya kana jira in ce e, ƙarya ne. Ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Washegari na ɗauki takardar akwati, na roƙi liman ya raka ni Maraɗi wurin wata lauya. Ƙanen Alhaji ya ce ba shi da lafiya. Matar ta saurare mu da ladabi har muka gama. Liman ya ce mata shi shaida ne, a gabansa aka ƙirga kuɗi, kuma a shirye yake ya rantse.

Ta ce, "Malam, na yarda da ku, ba sai kun rantse ba. Ba wanda ya ce Mushe bai ba da kuɗi ba. Bashinsa yana nan a kan Alhaji. Abin da babu shi ne haƙƙinsa a kan garkar."

Na ce, "Madam, ni na fara ba shi. Kafin banki, kafin Ilu, da shekaru."

Ta ce, "Baba, in an sayar da fili ana raba kuɗin, ba a tambayar wa ya fara bayarwa. Ana tambayar wa ya fara shiga littafi. Layi ne, kuma ranar da aka shigar da sunan mutum ita ce wurinsa a layin. Na farko sai ya cika tukuna a ba na biyu. Na biyu ya cika, a ba na uku. Wanda bai shiga ba yana can baya tare da mai bin kuɗin mai da mai bin kuɗin taya, in wani abu ya rage su raba."

Na tambaye ta, ina jin tsoron amsar, da a ce na shiga bayan banki amma kafin Ilu, me zai faru. Ta ce da ni ne na biyu. Ta ce ƙila ma da Ilu ya ga mutum biyu a gabansa da bai ba da kuɗinsa ba.

Muka shiga motar dawowa. Abin da ke yawo a kaina shi ne yaran da na koyar. Kowace shekara ina bin iyaye gida-gida ina roƙonsu su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa. Ina ce musu yaro ko ya fi kowa ƙoƙari, ko kullum shi ke fara zuwa aji, in sunansa bai shiga jerin masu jarrabawa ba, ranar jarrabawa a bakin ƙofa zai tsaya. Wasu iyayen har da kuɗina na yi musu. Na san wannan magana kamar sunana. Ban taɓa tunanin ta shafi wani abu ban da lakwal ba.

An yi gwanjo a gidan shari'a, aka sayar da garkar miliyan bakwai. Ka san dalilin da ya sa ta kai haka: rijiyarka da mangwaronka. Ilu ne ya saya, don kada kuɗinsa su nutse. Aka cire kuɗin shari'a, banki ta kwashi huɗu da wani abu, abin da ya rage aka lissafa shi cikin bashin Ilu, bai ma cika masa ba. Mu ko dala ba ta iso gare mu ba. Inji kaɗai aka bar ka ka ɗauka, tun da ana iya ɗaga shi. Itace da rijiya sun bi ƙasa. Wancan abin da ya rage, da na shiga motar Alhaji ranar da ya ce mu je wurin noter, namu ne. Da bai dawo da garka ba, amma da ya isa mu nemi wata ƙarama a sunanka, da yau ba ka kan hanyar Agadas da kuɗin injin da ka sayar.

Na san kana jin zafin Alhaji. Na je na gan shi bayan gwanjo. Motocin duk sun tafi, yana zaune a zaure, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Da ya gan ni sai ya rufe fuska da hula. Ya ce, "Mushe, wallahi ban yi niyyar cin amanarka ba." Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Abin da ban gane ba a da shi ne, niyyar mutum tana aiki ne muddin yana tsaye. Ranar da ya faɗi, ba shi ke rabo ba. Wasu mutane ne da ba su san shi ba, ba su san ka ba, ba su sha furarku ba, za su buɗe littafi su karanta. Lauya ta ce ina iya kai ƙararsa. In kai ƙararsa in karɓi me? Gidan da 'ya'yansa ke kwana? Ba zan yi ba. Kuɗin nan sun tafi, kada ka zauna kana sa rai.

Kuma ka dubi abin da kunyata ta haifar. Na ƙi noter don kada zumunci ya ɓaci. Yau in na hango Alhaji a masallaci sai in canja sahu, shi ma haka. Innarka da matarsa sun daina shiga gidan juna. Asirin da muka rufe kuwa, a bango aka manna shi kowa ya karanta.

Inda za ka, in Allah ya buɗa maka, mutanen gida za su neme ka. Wani zai ce ba ni kaza ka riƙe filina. Wani zai ce ga gida ana sayarwa da araha, takarda na nan tafe. Ban ce ka zama mai rowa ba, ban haife ka don haka ba. Amma kafin kuɗi su bar hannunka, ka je ofishin filaye a duba maka ko akwai wani a gabanka. In babu, a shigar da sunanka a ranar, ba gobe ba, domin wanda ya riga ka da yini ɗaya ya riga ka har abada. Ka biya abin da aka ce, ka karɓi shaida mai kwanan wata. In filin ƙauye ne da ba shi da titir, a kai gaban mai gari da kwamitin filaye a rubuta, kuma ka sa kunne ko za a zo awo. Mai karɓar kuɗin zai ɓata rai. Zai ce ba ka yarda da shi ba. Bar shi ya ɓata, zai huce. In kuwa mutum ne da ba za ka iya duban idonsa ka ce a rubuta ba, to ka ba shi abin da za ka iya rasawa, ka sa a ranka kyauta ce, kada ka kira ta jingina.

Ina rubuta maka waɗannan shawarwari ina jin kunyarsu, domin su kaɗai nake da su. Na so in bar maka ƙasa. Shekaruna sun ja, ƙarfina ya tafi, ba wani kuɗin sallama da zai sake zuwa. Wani lokaci in na idar da salla sai in zauna ina lissafi, ta ina za a fara, in ga babu ta inda za a fara. Ina neman gafarar Allah a kan wannan tunani, amma ba zan ɓoye maka shi ba.

Saura magana ɗaya, kuma ina so ka ji ta daga gare ni kafin wani direba ya kai maka ita. Shekaranjiya Ilu ya zo gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Mushe, ni canji na sani, ban san ban-ruwa ba. In na bar garkar ga a hannun 'yan ƙwadago, kafin damina itacen sun mutu. Ka zauna ka kula mini da ita, in riƙa ba ka jikka ashirin a wata, da kason mangwaro in ya yi."

Innarka tana bayan ƙofa, na ji ta ja numfashi. Na yi tunanin abin da mutane za su ce, mushe guda ya koma ɗan ƙwadago a garkar da yake kira tasa. Na kuma yi tunanin rumbunmu, da ƙannenka, da dashen nan naka da bai kai ga 'ya'ya ba tukuna. Na ce na karɓa.

Ya miƙo hannu yana murmushi. "To mun gama, Baba?"

Na ce, "A rubuta."

Ya yi dariya. "Haba Baba, aikin jikka ashirin?"

Na ce, "A rubuta, a kai gaban mai gari, a sa hatimi."

Jiya aka yi. Yanzu akwai takarda guda a duniya da ta haɗa sunana da garkar bakin tabki, kuma abin da ta ce shi ne ni ma'aikaci ne a cikinta. Gobe in Allah ya kai mu, lokacin da motarku za ta tashi, ina can ina ba mangwaronka ruwa.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. In ka samu sarari a zuciyarka wata rana, ka yi. Ka riƙe salla, ka kiyayi abokan banza, ka riƙa kiran innarka ko ba ka kira ni ba. Allah ya sauke ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka halal mai albarka, ya sa abin da za ka tara ya zauna a hannunka. Allah ya yi maka albarka, ya sa mu sake ganawa da alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Issufu